Tsintar Tsakuwa

Malam Birki ya taka birkin da ke gefensa tun motar ba ta kai kwana ba. Motar ta yi tsalle ta mutu, 'yar koyonsa, wata mai shagon labule, ta yi gaba har goshinta ya kusa gaisawa da sitiyari.

"Haba Malam, ai na ga mai keken," ta ce. "Ƙafata tana hanyar zuwa birki ke nan."

"Ƙafarki tana hanya, shi kuma yana tsakiyar titi. Madubi fa? Tun da muka fito ba ki leƙa shi ba."

"Na leƙa mana."

"Kin leƙa kin gyara ɗankwali. Ba wannan leƙen nake nufi ba."

Ta ja tsaki a ciki, ta sake murza makulli. Babbar mace ce mai ma'aikata a ƙarƙashinta, wadda in ta yi gyaran murya a shagonta kowa sai ya nemi abin yi. Amma a cikin wannan tsohuwar motar koyon tuƙi ba ta fi 'yar aji ɗaya ba. Motar birki biyu gare ta, ɗaya a ƙafar ɗan koyo, ɗaya a ƙafar malami, kuma na malamin ya fi cinyewa. Daga nan ya samo sunan. 'Yan koyo ne suka laƙaba masa a bayan ido, sunan ya bi shi har gida, har marigayiyar matarsa ma in ya ishe ta da gyara sai ta ce, "To Malam Birki, mun ji."

Ba mugun mutum ba ne. Idonsa ne kawai ba ya iya tsallake kuskure, ko da na maɓallin riga ne, kuma abin da idon ya gani bakin ba ya iya riƙewa.

"Yau a nan za mu tsaya," ya ce da suka koma filin makarantar. "Ina da wurin zuwa."

"Asibiti?"

"Silima."

Ta juyo ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ɗin? To Allah ya ceci waɗanda suka shirya fim ɗin."

Bai yi dariya ba. Ya karɓi makulli ya zagaya ya shiga mazaunin direba, ya gyara madubin da ta karkatar.

Fim ɗin da za shi gani na uku ne, kuma na ƙarshe, daga littattafan Makiyayin Guguwa. Labarin wani mutum ne da ke kiwon guguwa yadda ake kiwon awaki, yana ɗaure kowace a ƙullin igiya, yana yawon duniya da jaki mai kunne ɗaya, yana neman hasumiyar wata tsohuwa mai fitila. Malam ya sayi littafin farko a wurin mai tsofaffin littattafai na bakin titi, lokacin da 'yarsa Auta ta faɗo daga keke ta karye a ƙafa tana firamare. Yana dawowa daga aiki sai ya zauna bakin gadonta ya karanta mata. Kafin a kwance ɗorin sun cinye littafin. Na biyu da na uku ita ta karanta masa da ƙarfi, tana zaune kan bokitin da aka kife, shi yana wanke mota yana gyara mata inda ta tsallake waƙafi.

Da fim na farko ya fito Auta tana shekarar ƙarshe a sakandare. Tare suka je, suka fito kowa yana huci. An yi wa jaki kunne biyu. Jakin da littafi ya faɗa ƙarara cewa guguwar hunturu ta cinye masa kunnen dama tun yana ɗan ƙarami, sai ga shi a fim yana kaɗa kunnuwa biyu lafiyayyu. Suka shigo gida suna magana a tare, ba mai sauraron wani. Ƙofar hasumiya ciki take buɗewa, an sa ta buɗe waje. Makiyayi da haƙori yake ƙulla igiya, an sa shi yana ƙullawa da hannu biyu. Uwar Auta tana zaune da faranti a cinya tana gyaran shinkafa, ta bar su sai da suka gaji, sannan ta ce, "Ni ina tsintar tsakuwa don kada haƙoranku su karye. Ku kuma kuna tsintar tsakuwa a abin da ya riga ya dahu, har an ci an wanke kwano."

Sunan ya zauna. Daga ranar duk kuskuren fim tsakuwa suke ce masa.

Malam bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma a wannan yammacin ya ji wani daɗi da bai saba ji ba. Kullum idonsa a kan Auta yake, rubutunta ya karkace, ta ja ƙafa a tafiya, ta bar murfin man goge baki a buɗe. Yayanta tun da wuri ya koyi toshe kunne, ya girma ya yi nisa, sai gaisuwa daga lokaci zuwa lokaci. Ita kuwa kowace magana shigarta take yi. Ranar fim ɗin ce kaɗai shi da ita suka tsaya gefe ɗaya, laifin kuma na wani ne can daban.

Kafin fim na biyu ya fito uwar ta rasu, Auta kuma ta samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a gari mai nisa. Yana fitowa daga silima wayarsa ta yi ƙara. Ba sallama, ba gaisuwa.

"Baba, ka gani?"

"Na gani. Fitilar."

"Shuɗiya fa suka yi ta. Fitilar Tsohuwa da kowa ya san koriya ce. Anya mutanen nan sun buɗe littafin kuwa?"

Yana tsaye a wurin ajiye motoci suka yi ta yi har cajin wayarsa ya ƙare. Tun rasuwar matarsa bai yi doguwar hira irin wannan da kowa ba.

Sai kuma bara. Auta ta sayi mota da albashinta, ta tuƙo ta ita kaɗai tun safe har la'asar don ta nuna masa. Ta buɗe masa ƙofa da kanta tana murmushi, ta ce ya zo ta zaga da shi gari. Ya zauna a gefe, inda ya saba zama, ƙafarsa ta dama ta fara danna ƙasan motar tana neman birkin da babu. Ba ta sa sigina da wuri ba. Ta matse mai babur. Hannu ɗaya take riƙe sitiyari da shi. Duk ya faɗa, ɗaya bayan ɗaya, cikin muryar da yake yi wa 'yan koyo. Murmushin ya yi ta raguwa har ya ƙare. Da suka dawo ƙofar gida ta kashe motar, ta daɗe tana kallon gaba.

"Baba, wuni guda na yi a hanya, kuma na iso lafiya. Ka taɓa ce min na yi daidai kuwa? Ko sau ɗaya?"

Ya buɗe baki. Allah ya sani abu mai daɗi ya yi niyyar faɗa. Amma idonsa ya riga ya faɗa kan madubin gefe, abin da ya fito kuwa shi ne, "Kin yi fakin nesa da bakin titi."

Washegari da sassafe ta koma. Tun daga nan ba faɗa, ba gaba, abin da ya fi su ciwo ne ya shiga tsakani. In ya tura gaisuwa takan amsa, "Lafiya lau, Baba." In ya kira sai wayar ta yi ta ƙara ta katse, can anjima saƙo ya shigo, "Ina aiki." Ya yi kewarta ƙwarai, kuma bai san da wane baki ake faɗin haka ba. Abin da ya sani shi ne yau fim na uku zai fito. In an samu tsakuwa, an samu dalilin kira. Bayan wannan kuwa babu sauran littafi, babu sauran fim.

Harabar silimar cike take da masoyan littafin. Wasu sun yafa mayafi toka-toka irin na Makiyayi, wasu sun ɗaura igiya mai ƙulle-ƙulle a ƙugu, wata mata ta zo da fitila koriya mai batir tana ɗagawa ana ɗaukarta hoto. Malam ya bi layi da rigarsa ta aiki mai tambarin makaranta a aljihu.

"Tikiti nawa, Baba?" mai sayarwa ta tambaya.

"Ɗaya."

"Yaran sun riga sun shiga ne?"

"Ni kaɗai ne."

Ta ba shi kujerar ƙarshen layi. Ta kusa da shi ba kowa, sai ya ɗora gidan tabarau a kai. Ya goge gilashin da gefen riga, ya kashe ƙarar waya amma ya bar ta a hannu. Da aka kashe fitilu ya miƙe zaune, ya kafa ido yadda yake yi in ɗan koyo zai shiga babban titi karon farko.

Jakin ne ya fara fitowa, yana hawa tudu a hankali. Kunne ɗaya. Malam ya matso gaba. Na hagu yana nan a tsaye, na dama kuwa guntun tabo ne kawai. Wasu a baya suka yi tafi. Dama an ce sabon darakta aka kawo, wanda ya sha alwashin bin littafi sau da ƙafa, amma Malam ya ɗauka irin cika bakin 'yan talla ne.

To, ya ce a ransa, jaki kowa ya yi surutu a kansa. Bari mu ga ƙanana.

Makiyayi ya kama igiya da haƙori ya ja ƙulli. Ƙofar hasumiya ta buɗe ciki. Tsohuwa ta ɗago fitila, koriya shar. Mai kwale-kwale da ke haye da mutane kogin gishiri ya juya wa ruwa baya yana tuƙi, kamar yadda littafi ya ce, har da takalminsa ƙafa ɗaya. Malam ya koma kallon gefen allo, inda masu fim kan yi sakaci: tukwanen da ke kan kanta, inuwar bango, ɓangaren da wata ya fito. Ya bi kowace magana da leɓensa. Inda suka gajarta, sun gajarta da hankali, ba abin kamawa.

Zufa ta fara keto masa duk da sanyin ɗakin. Mutanen nan ba su da tausayi. Ɗan kuskure ɗaya yake nema, ko maɓalli ne, ko launin zare.

Can wajen ƙarshe Makiyayi ya tsufa, ya hau hasumiya yana kwance ƙullin igiyarsa ɗaya bayan ɗaya, kowace guguwa tana kama gabanta. Ta ƙarshe 'yar ƙarama ce da ya kama tun yana yaro. Da ya sake ta ba ta tafi nan take ba, sai da ta zaga shi ta ɗaga masa gefen mayafi. Malam ya san wurin nan da ka, har yana jin muryar Auta tana karantawa daga kan bokiti, tana sauri don ta ga ƙarshe, shi yana cewa ta rage gudu. Allon ya dushe masa. Ya cire tabarau ya goge, sai ya gane ba gilashin ba ne. Haushi ya kama shi. Ya zo farauta, an mai da shi ɗan kallo.

Ya zauna har sunayen ma'aikata suka gama wucewa, ko za a yi kuskuren rubutu a sunan wani wuri. Mai shara ta shigo da tsintsiya ta tsaya tana jiransa ya tashi.

A harabar mutane sun yi gungu-gungu. Ya rage tafiya kusa da wani gungu, yana yi kamar yana neman makulli a aljihu. Su ma tsinta suke yi, amma farantin babu komai.

"Rigar mai kwale-kwale ta yi tsabta da yawa," in ji matar nan mai fitila.

"Wannan ai neman magana ne," wata ta ce. "Ki yarda kawai sun yi ƙoƙari."

Wani mai gemu da igiya a ƙugu ya ɗaga yatsa. "Ni na kama su. Ƙofar."

Daɗi ya taso wa Malam. Bai san lokacin da ya matso ba. "Wace ƙofa?"

"Ta hasumiya, Baba. A littafi waje take buɗewa, su kuma suka sa ta buɗe ciki."

Daɗin da ya taso masa ya koma inda ya fito. Ya so ya juya ya tafi abinsa. Bai san mutumin ba, ba zai sake ganinsa ba, ba ruwansa da abin da ya yarda da shi. Amma bakin ya kasa riƙe maganar.

"Ciki take buɗewa," ya ce. "Shi ya sa da guguwa ta cika ɗakin Tsohuwa ta kasa fita. Fim na farko ne ya sa ta waje."

Suka juyo gaba ɗaya. "Lallai, Baba ma ɗan gida ne," in ji mai fitila tana dariya. Mai gemu ya sosa ƙeya ya ce ko ma ina take buɗewa fim dai ya yi kyau. Suka yi masa murmushi irin wanda ake yi wa tsohon da ya ba da mamaki, ɗaya ya ce yunwa yake ji, suka ɗunguma suka fita suna gardamar inda za su ci abinci. Malam ya tsaya da makulli a hannu, ya duba wayarsa. Ba kira, ba saƙo.

Ya tuƙa motar koyo zuwa gida cikin cunkoson masu tashi daga aiki. Kowace danja ya tsaya mata kafin layi. Kujerar gefe, tasa ta kullum, ba kowa a kai, birkin malami yana sauka yana tashi shi kaɗai duk lokacin da ya taka na direba.

Gidansa ɗaki biyu ne da falo a bene na biyu. Ya rataye makulli a ƙusar da ke bayan ƙofa, ya jera takalmi. Farantin matarsa yana nan jingine a bayan tukwane, shekara da shekaru bai gyara shinkafa a kai ba, ta leda yake saye wadda ba ta da tsakuwa. Ɗakin Auta ya zama wurin ajiyar tsofaffin tayoyi da robobin da ake jera wa 'yan koyon ribas, amma bai taɓa gadon ba. Ya dafa shayi, ya yanka burodi, ya bar su a kan tebur. Ya ɗauko littafi na uku daga kanta ya zauna da shi a cinya.

Sai ya ga Auta ta sa hoto a waya tun da rana. Tikitin silima ne a hannunta, da ɗan gefen rigar aikinta. Ba ta rubuta komai a ƙasa ba. Ke nan ta gani, ta ma riga shi gani, kuma ba ta kira ba. Ko don ita ma ba ta samu tsakuwa ba ne, ko don ko ta samu ba shi za ta kai wa ba, wannan ne bai sani ba.

Ya danna wurin saƙon murya. "Auta, ina wuni. Ya aiki. Na ce ko kin..." Ya goge. Ya sake dannawa. "Na je na ga fim ɗin. Ya yi kyau." Ya saurari muryarsa, ta yi masa kama da ta mai karanta sanarwa. Ya san amsar da za ta biyo baya: "Eh Baba, ya yi kyau." Shi ke nan, an rufe littafi uku da fim uku da kalma biyar. Ya goge wannan ma.

Rana ta yi ƙasa, haskenta ya koma kan bangon maƙwabta. Ana jin ƙarar cokula a gidan sama, wata tana kiran yara su shigo. Shayinsa ya huce. Mai gemun nan ya faɗo masa a rai, ya sake jin haushin ƙofar, mutum ya ɗaura igiya a ƙugu amma bai san inda ƙofa take buɗewa ba. Sai kuma ya tsaya. Shi da ba ya yi wa baƙo magana ko a layin banki, me ya ja shi har tsakiyar gungun mutanen da bai sani ba? Da mutumin ya faɗi daidai, da ya wuce abinsa.

Auta kuwa 'yarsa ce. Ko ta ƙi ko ta so, idon nan nasa ta ɗauko.

Ya daɗe yana juya wayar. A rayuwarsa ya yi kuskure kamar kowa, amma bai taɓa faɗin abin da ya san ba daidai ba ne da gangan. Ji ya yi kamar an ce ya keta jar danja da ɗan koyo a gefe. Ya buɗe littafin, ya nemo wurin da aka sake ambaton jakin, ya karanta layin don ya tabbatar da girman abin da zai aikata. Sannan ya danna, ba sallama, ba gaisuwa.

"Kin gani? Jakin. Sun yanke masa kunnen dama, alhali na hagu ne guguwa ta cinye. Mutanen nan ba sa karatu."

Ya tura kafin zuciyarsa ta taka birki.

Alamar saƙon ta nuna ya isa. Can ta canza launi, an saurara. Ya ajiye wayar a hannun kujera, ya ɗauka, ya sake ajiyewa. Ɗakin ya fara duhu, bai tashi ya kunna fitila ba.

Wayar ta yi ƙara, ya kusa yar da ita garin ɗauka.

"Malam, gobe da safe ne ko da yamma?" Mai shagon labule ce. "Kuma ya fim? An bar masu shi da rai?"

"Da safe. Ina jiran kira, sai goben."

"Ikon Allah, yau ko madubi ba a tuna min ba."

Ya kashe. Ya duba ko wani kiran ya shigo a tsakani, babu. Kunya ta fara rufe shi. Wataƙila Auta ta saurara ta ce tsufa ya kama Baba. Wataƙila ta gane dabarar, ta ga abin tausayi ne, ta kife wayar ta ci gaba da aikinta. Ya kai yatsa zai goge saƙon, ko da yake an riga an ji.

Sunan Auta ya haska a allon.

"Baba, na dama ne."

A bayan muryarta ana jin ƙarar keken marasa lafiya da wani yana kiran suna a lasifika. Ya riƙe wayar da hannu biyu.

"Na hagu dai," ya ce.

"Na dama. Guguwar hunturu ta taso daga gabas, shi kuma yana kallon arewa. Kai da kanka ka tsayar da ni a tsakar gida ka juya ni don in gane."

"Ina ganin kin manta."

"Ni na manta? Tashi ka ɗauko littafin ka duba. Ina jira."

Littafin yana buɗe a cinyarsa, yatsansa a kan layin. Yana iya cewa bai san inda ya ajiye shi ba. Yana iya cewa bugun da yake da shi daban ne. Da gardama zai iya riƙe ta har a kira ta aiki, gardama kuwa ba a fi shi iyawa ba. In ya sallama, magana ta ƙare, ba abin da ya rage da zai hana ta cewa sai anjima. Ya ji numfashinta a wayar, irin na mai shirin kare kai, numfashin da ta yi a cikin mota bara.

"Ga shi a gabana," ya ce. "Na dama ne. Kin yi daidai, Auta. Ni ne na yi kuskure."

Ƙarar asibitin ta yi nisa, kamar ta shiga wani ɗaki ta ja ƙofa. Ya zauna yana jiran ta ce ana nemanta.

"Baba."

"Na'am."

"Ka ga fitilar Tsohuwa kuwa?" Ta yi gyaran murya. "Koriya suka yi ta. Alhali shuɗiya ce a littafi."

Ƙafarsa ta dama ta danna tabarmar falon da ƙarfi. Koriya ce. Littafi uku sun ce koriya ce, ita da bakinta ta cinye masa cajin waya a kan koriya ce. Maganar ta taso har bakin leɓensa.

Ya ɗage ƙafar a hankali. Ya rufe littafin, ya tura shi ƙarƙashin matashin kujera.

"Shuɗiya ko?" ya ce. "Tsaya in sa wayar a caji. Faɗa min daga farko."